Abin da Ya Sa Na Kashe Fitilar Taga

Daga gida, ranar Waliyyi Nikolai, shida ga Disamba

Saveta tawa, sanyin idona, zumar da ƙudan gidanmu bai taɓa yin irinta ba, ruwan rijiyar da nake sha shekara ashirin da bakwai ban ƙoshi ba! Ke da dariyarki kan riga ki shigowa gida, ke da fushinki ma ya fi mini fara'ar wasu daɗi, ina gaishe ki gaisuwar mai neman a saurare shi. Yau kwana ashirin da uku ina kiran wayarki tana ƙara har ta katse. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda kamar zamanin samartakarmu, don takarda ba a kashe ta.

Na san abin da Nistor direba ya kai miki. Mutumin da na ba shi cuku da kwalbar zuma ya kai miki can birnin Padova na Italiya, sai ya ƙara miki da tsegumi gyara! Da bakinsa ya faɗa mini wai ya ce da ke, "Uwargida, tagar gidanku fa duhu dunɗum. Sau uku ina wucewa ba fitila. Da alama mutumin naki ya gaji da jira." Bakinsa ya fi motarsa gudu. Amma bai yi ƙarya ba, Saveta, kuma nan ciwon yake. Na kashe fitilar, ni da hannuna. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Ko ɓarawo akan ji ta bakinsa.

Kin tuna ranar da na zo neman aurenki? Disamba ne, dusar ƙanƙara har gwiwa. Innarki, Allah ya ba ta hutawa, ta buɗe mana babban ɗaki, ɗakin nan da ba a hura masa wuta, ba a kunna masa fitila sai ranar idi, inda ta jibge bargunan aurenki da matasan kai har kusa da rufi. Sanyi kamar cikin rijiya, ni kuwa gumi nake sharcewa. A bakin taga ga furen Kirsimeti ya zubo rassansa gaɓa-gaɓa, kowane kai ja jawur kamar an watsa masa garwashi. Na miƙa hannu zan karɓi kofi, sai gwiwar hannuna ta ɓalle masa reshe. Wayyo ni! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ke kuwa kin toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunki na rawa. Inna ta tsinci reshen ta danƙa mini, ta ce, "Ungo, sarkin ɓarna. Je ka dasa. In ya kama na ba ka 'yata, in ya mutu ka nemi wata." Wace addu'a ce ban yi wa reshen nan ba? Ya kama, na samu mata, shi kuma ya samu tagar namu babban ɗakin, yana cika ta da ja duk Disamba.

Ran da za ki tafi Italiya aikin kula da wata tsohuwa, don mu samu mu sake rufin gida, amana biyu kika bar mini a bakin mota. Kika ce, "Ka riƙa kunna mini fitila a tagar babban ɗaki, duk ran da na sauka a bakin hanya in san ana jirana." Kika ƙara da cewa, "Kuma ka daina wannan fuskar. Furenmu na buɗewa zan tattaro kayana in dawo gaba ɗaya." Mun ɗauka watanni ne kawai. Wa ya san shekara shida ke laɓe a bayan maganar nan?

Tun daga ranar na kunna fitila a gefen tukunyarsa, ba na kashewa dare da rana. Tun daga ranar kuma bai sake yin fure ba, ko ɗaya! Me ban yi masa ba? Na ba shi takin tumaki, na ba shi sauran garin kofi, na sake masa tukunya, na yi masa magana da lallashi, wata rana har na zage shi. Ganye sai sheƙi yake, kore shar, fure kuwa babu. An gama rufin gida tun shekara uku. Duk Agusta kikan zo hutun mako biyu, ki leƙa babban ɗaki ki ce, "Ya yi bara?" In ce a'a. Ki ce, "To, ashe lokaci bai yi ba." Amma maganarki ta bana ta soke ni. Kina ɗaure jaka, ba ki ko dube ni ba, kika ce, "Wataƙila gidan ya saba da rashina." Saveta, gidan da har yau nake ajiye cokali biyu in na kwashe tuwon masara, shi ne ya saba?

A jajibirin idin Waliyyiya Paraschiva, tsakiyar Oktoba, Gwaggo Profira maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya da magariba. Ta hangi fitila a gefen furen, ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ilarie, kai kam gemu ya yi fari hankali bai iso ba. Kullum haka kake masa?" Na ce kullum, ina ma alfahari. Ta ce, "Kaico! Wa ya ce maka rana kaɗai furen nan yake ci? Da kaka, in yini ya fara gajarta, dare yake so, dogo, baƙi, awa goma sha uku zuwa sha huɗu ba ko ƙyallin ashana, da ɗan sanyi-sanyi, har mako shida. Da haka yake gane hunturu ya ƙarato. Kai kuwa ka tsare shi da fitila, yana zaton har yau bazara ake. Don me kake tsammani iyayenmu ke ajiye shi a ɗakin da ba mai shiga? Shekara shida ka hana bawan Allah barci, kana kuma neman ya haihu!"

Na ce to in mayar da shi ɗakin girki. Ta ce ga zafin murhu ga fitilar cin abincinka. Na ce rumfar itace fa? Ta ce sanyin dare ɗaya zai gama da shi. Na ce bari in riƙa kifa masa kwali. Ta ce, "Wa zai buɗe masa ya sha rana, kai da kake fita injin katako tun da duhu, ka dawo da duhu? Ɗaki biyu gare ka, yaro. Ko fitila, ko fure." Ta ɗauki rariyar ta tafi, ta bar ni tsaye kamar gungume.

Kin ga abin da kika yi mini, abar ƙaunata? Kin ba ni amana biyu, ashe ɗaya na cin ɗaya. Ina kunna miki fitila don ki dawo, ashe fitilar ce ke riƙe ki a can. Wa ya taɓa ganin wauta irin tawa, mai tsare ƙofa yana kiran baƙo?

Washegari na kashe ta. Da na dawo daga aiki na hango gidanmu daga gada, baƙi kamar gidan da aka yi rasuwa, sai da na zauna a kan dutse na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Za ki ce me ya hana ni gaya miki tun lokacin. Tsoro ne. Sau shida ina miki alkawarin bana zai yi, sau shida ina zama maƙaryaci. Na ce wannan karon ba zan buɗe baki ba sai ido ya gani.

To, ido ya gani! Lahadi biyu da suka wuce na shiga da safe, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a bakin kowane reshe, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Yau sun kai bakin tsuntsu, sun fara ja. Na ƙirga har arba'in na rikice, don idona ya cika. Na rungumi tukunyar zan kai wa Nistor ya kawo miki, Gwaggo Profira ta make mini hannu. Ta ce, "Ka kuskura ka ɗaga shi yanzu, ko ka juya masa fuska, duk su zube. Mai ciki ba ta doguwar tafiya." Hoto kuwa ba zan aiko ba. Shekara shida muna zaman aure ta hoto, ya isa haka.

Don haka ba zai iya zuwa gare ki ba, rabin raina. Ke za ki zo gare shi. Nistor zai taso daga Padova ran sha tara ga wata, na sa ya ajiye miki kujerar bayansa, kuma na gargaɗe shi ya tuƙa da hannu ba da baki ba. Ki zo, don Allah ki zo, da duk jakunkunanki, kafin masu waƙar Kirsimeti su fara zagayen gidaje, kafin furen farko ya buɗe ba mai ganinsa sai ni da wata tsohuwa mai faɗa.

In kin sauka a bakin hanya kika ga taga duhu, kada ki juya. Ki tako, kin san inda sakata take. Fitilar na nan a wurinta, na goge mata ƙura. Ba zan taɓa ta ba. Ke za ki kunna, mu gan shi tare.

Naki tun ranar da na karya reshen nan, kuma naki har ran da za a kwantar da ni a bayan coci,

Ilarie, sarkin ɓarna