Na Kore Su Daga Falo, Ban Ji Ƙarshen Labarin Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, wani abu ne ya dame ni.

Ni uwa ce da ba ta ɗaukar wargi. 'Ya'yana sun san ba a yi mini kuka sai da ciwo. To, 'yata ta fari tana jami'a, wai nazari take kan yadda labaran mutanen da, na ɗaruruwan shekaru, suke sa masu sauraro kuka ko tsoro. Duk Asabar sai ta tara ƙawayenta a falona, tana karanta musu tana duban fuskokinsu. Na ce wannan ba karatu ba ne, koyon raki ne.

Ran nan ina guga a ɗakin da ke jikin falon, ta fara labarin wata tsohuwa da aka tafi da ɗanta yaƙi, kullum sai ta zuba masa abinci ta rufe. Ban ankara ba sai ƙaurin rigar babansu, ga hawaye har haɓa. Kunya ta sa na fito na fatattake su, na ce kada a sake.

Yanzu gidan ƙawa take zuwa. In ta dawo, gaisuwa ce kawai, ta shige ɗaki. Ni kuwa ko wanke-wanke nake, tsohuwar nan ce a raina, ban san ko ɗan ya dawo ba. In na tambaya, na lashe amaina a gaban ƙannenta. In na yi shiru, kullum ƙara nisa take da ni.

Uwar Biyar

Uwar Biyar, sannu da fama.

Gidanki ne, kina da ikon tsara waɗanda za su taru a falonki, kuma tsare gida ba laifi ba ne. Amma wannan hukunci ba don tarbiyya kika yanke shi ba, don ɓoye hawayenki ne, yarinyar kuwa ba ta san laifinta ba. Abin da take nazari shi ne ya same ki, kin ga ashe karatun ba na banza ba ne.

Ba sai kin tara gida kin yi jawabi ba. Ki kira ta ita kaɗai, ki ce su dawo ranar Asabar, ki yanka musu lokacin tashi. Sannan ki tambaye ta ko ɗan ya dawo. Girmanki ba zai zube ba, kuma za ta gane sauran da kanta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ta sa'ar karatu.