Canjin Mai Daka Sakwara

Sabon Gari, Zariya
9 ga Mayu, 2004

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya ciwon ƙafar? Yaya ɗana Gabriel, yana cin abinci kuwa?

Mama, na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina. Kin san aikina a gidan abincin Madam Oby. Ina baya cikin hayaƙi ina kirɓa sakwara, Hope kuma tana gaba tana kai faranti tana washe baki. Duk wanda ya ci ya ji daɗi, ita yake bar wa canji, ni ko sannu. Na daɗe ina haɗiye wannan.

Akwai wani malamin jami'a da ke zuwa daga Samaru kowace Asabar. Jiya ya zagayo baya wanke hannu, ya same ni ina daka, ya tambaye ni ko saƙonsa yana isowa. Ashe tun bara yake barin kuɗi a ba mai daka, Hope tana zurawa a jakarta. Ita da muke zama benci ɗaya a coci!

Ban san lokacin da na fita gaba ba. Na fizge mata ɗankwali, ta watsa mini tafasasshiyar miya a wuya, tebur ya kife, kwalabe suka tarwatse. Taɓaryar tana hannuna, Mama. Na maka mata, na ji ƙarar karyewar ƙashin hannunta, har yanzu tana kunnena. Wuyana ya saɓule, amma ba zan ɓoye miki ba, a lokacin daɗi na ji.

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Sarah

30 ga Mayu, 2004

Mama,

Ina fata kuna lafiya ke da Gabriel. Saƙonki ya iso, na ji za a kore shi saboda kuɗin makaranta.

Yayyen Hope sun zo daga Jushi da gora, sun fasa mini leɓe, haƙori ɗaya ya tafi. Da ƙyar Madam ta hana a kai ni wurin 'yan sanda. Sharaɗin shi ne in riƙe aikin Hope har ta warke, albashina kuma ya tafi wurin mai ɗori. An ɗauko wata Janet tana daka. Yanzu canjin da aka bar mini shi ne cina, shi ne makarantar Gabriel.

Aikin gaba ba yadda na zata ba ne. Wannan ya zage ki don miya ta huce, wancan ya ja miki zane, kuma dole ki yi murmushi da fasasshen baki. Yawancinsu ma har kwabon ƙarshe suke karɓa.

Jiya na wuni babu wanda ya bar mini ko sisi, sai ga malamin nan. Ya yaba sakwarar, ya danƙa mini kuɗi ya ce in ba mai daka. Na leƙa baya, na ga Janet sharkaf da zufa, taɓaryar nan a hannunta.

Kuɗin suna ƙulle a bakin zanena, Mama. Ban ba ta ba tukuna. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Sarah