Kadarkon da Zai Dawo da Sambo

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da magudanan ruwa na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata, har da masu gadin kanal, ko da yake su ba su taɓa tambayar tawa ba sai da sanda a hannu. Allah ya ƙara girma, amin.

Yallaɓai, sunana Iro, daga wata 'yar tunga tsakanin Bakura da Talata Mafara. In ka tambaya a kasuwar Mafara za a ce maka, "Wane Iro? Shaƙiyyin nan?" To, shi ne. Ban yi boko ba, allo na yi. Wagga takarda ma da ajami na rubuta ta, wani malamin firamare ya juye ta yadda za ka iya karantawa, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana. Ban zo da zancen gona ba, wannan manya na can suna yi, sun fi ni baki. Tawa ƙarama ce, har ina jin nauyin kawo ta gabanka. Amma ta hana ni sakat.

Na farko, bari in gaya maka abin da kunka datse ba ku sani ba.

Tun kafin a haifi babana muna da tsere a tungarmu, sau ɗaya a shekara, in an gama kaka an kai dawa rumbu. Tseren guntsi muke ce masa. Samari su jeru a dandali, kowa ya guntsi ruwa daga randa ya riƙe a baki, ba haɗiyewa, ba zubarwa. Makaɗan mahauta su buga kalangu, sai a zuba a guje. Hanyar ba ta mota ba ce, jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara. Ka ratsa kututturen kara, ka gangara kwazazzabo, ka bi fadama inda laka ke ƙwace takalmi, ka shiga yashin rafin da ya ƙafe wanda ke shanye ƙarfin gwiwa, sannan ka hau fako, tsakuwa a ƙasa, ƙarangiya a ƙwauri, har ka kai wata tsohuwar tsamiya a kan tudu. A gindinta Baba Tanko, alƙalin tsere, ke zaune da ƙoƙonsa. Wanda ya riga isowa ya zuba ruwan bakinsa a ƙoƙon, shi ya ci. Wanda ya iso da busasshen baki, ko da ya riga iska, gudun banza ya yi. Kyautar kuwa ƙafar saniya ce daga mahauta, da guɗar 'yan mata, wadda ta fi naman daɗi.

Ni ba wani gudu na iya ba, ƙafafuna kamar na zalɓe suke. Makamina dariya. Baki cike da ruwa ba ya magana, amma jiki na yi. Sai in sha gaban mutum in kwaikwayi tafiyar mai unguwarmu ranar da kunama ta shiga wandonsa. Sai ka ji fuuu, ruwa ta baki ta hanci, mutum ya zauna a laka yana zagina. Haka nake zubar da su ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kakkaɓe magarya.

Ban da mutum guda: Sambo, ɗan gidan mahauta, wanda anka kai mu makarantar allo rana ɗaya. Na yi masa gurguwar akuya. Na yi masa amarya mai kunya. Akwai shekarar da na ɗaura wutsiyar saniya a bayan wandona, na yi ta kaɗa ta a gabansa tun daga fadama har fako. Ko gira bai ɗaga ba. Kullum shi ne na ɗaya, ni na biyu. Amma da ya zuba ruwansa a ƙoƙon Baba Tanko, sai ya faɗi a kan saiwar tsamiya ya saki duk dariyar da ya tara a hanya, yana dukan ƙasa, hawaye na zuba, yana cewa, "Iro, Allah ya shirye ka! Ka kusa kashe ni a kwazazzabo!" Yallaɓai, mutane na zaton ƙafar saniya nake wa gudu. Wagga dariya nake wa gudu.

Na biyu. Da anka tare gulbi a Bakolori, katafila ta iso mana. Anka baje fadama, anka cike kwazazzabo, sannan anka gina wagga babbar magudana ta siminti da ma'aikatanku ke kira kanal, ta ratsa daidai tsakanin tungarmu da tudun tsamiya. Kadarko akwai, ban ce babu ba, amma yana can nesa wajen hanyar mota, inda tarakta ke wucewa. Wanda ya zana aikin ya duba sawun taya, bai duba sawun ƙafa ba. Tsamiyar dai kun bar ta, wannan na gode. Tana nan tsaye. Da la'asar nakan zauna a wanga gefe ina kallon ta, in iska ta kaɗa har ina jin motsin ganyenta, amma in zan taɓa ta sai na yi zagayen da ya isa mutum ya ci kasuwa ya dawo.

Na uku. Kada ka ce zama munka yi. Mun gwada tsere a kan hanyar da ke bin gefen kanal. Miƙe take ɗoɗar, ba hawa, ba gangara, ba ƙaya ko ɗaya. Na yi kunamar mai unguwa, ba wanda ya yi ko murmushi, rabin samarin ma don gundura sunka haɗiye ruwansu. Baba Tanko ko fitowa bai yi ba, ya ce ƙoƙonsa gindin tsamiya ya sani. Sai munka sari gungumen giginya, munka gicciya a kan kanal. Bai kwana biyu ba masu gadi sunka janye shi, sunka kore mu da sanda, wai za mu fasa siminti. Yanzu a kansa suke zama suna cin goro, kuma na ga yana yi musu daɗi. Wasu sunka ce a yi iyo a haye. Simintin nan santsi gare shi, akuyar maƙwabcinmu ta shiga ba ta fito ba. Ban da haka, tseren guntsi ne fa: in an ratsa ta cikin ruwa, duk wanda ya haɗiye nasa sai ya sake cika baki. Ni na san halina, ni zan fara.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da anka baje fadamar su Sambo, damina ta zo ta wuce ba su yi shuka ba, wata ta sake zuwa, sai ya ce zai bi motar shanu zuwa Kurmi. Na raka shi tashar Mafara. Na yi masa duk abin da na iya a gaban jama'a, har 'yan kamasho na riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba, sai ka ce ruwa ne a bakinsa. Da mota za ta tashi ya leƙo ta tsakanin katako ya ce, "Ranar da za a sake tsere, a aiko mini, zan zo. Amma ba kai ba, maƙaryacin banza. In na ga ƙoƙon Baba Tanko a hannun direba, na san gaskiya ne."

Ka ga inda ya ɗaure ni. Ya san da bakina ne shaida, da tuni na aika masa cewa an yi gada har da fitila. Na yi ta lallashin Baba Tanko ya ba da ƙoƙon, ya ce shi bai taɓa alƙalancin ƙarya ba, ba zai ba da shi ba sai ranar da ya taka kadarko da ƙafarsa. Tsohon kuwa bara da sanda ɗaya yake tafiya, bana sai an riƙe shi. In ya kwanta dama, ƙoƙon ya zama ƙoƙon shan fura, Sambo kuma ba shi da abin da zai gaskata. Direbobi na ce mini yana lafiya, yana fawa a wata kasuwa, ya yi ƙiba. Na tambaye su ko yana dariya. Sunka ce ba su lura ba.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A sa mana kadarko na ƙafa daidai inda tsohuwar turbar tsamiya ta yanke. Ba sai mai faɗi ba, wanda mutum ɗaya zai bi ya isa. Mata masu zuwa itace da yara masu kiwo za su yi maka addu'ar da ta fi tawa karɓuwa.

In ba hali, a ba mu izini mu mayar da giginyarmu, ko ta wuni ɗaya ce bayan kaka. Mu za mu ɗauko, mu za mu janye. Masu gadi su yi haƙuri su tsaya a tsaye ranar.

In kuma kana shakka, ka zo da kanka ka gani. Za mu ba ka wuri kusa da Baba Tanko, a inuwa. In kana sha'awa ka guntsi ruwa ka shiga layi, na yi alkawari zan bar ka har yashin rafi kafin in fara.

Na san fadamar ba za ta dawo ba, kwazazzabon ma haka. Amma yashin rafi na nan, fako na nan da ƙarangiyarsa, tsamiya na nan. Samarin tunga na cewa in an yi tsere bana ni zan ci, tunda ba Sambo. Ba na so. Na saba da na biyu. So nake ya dawo da ƙibarsa ya sake wuce ni, in iso ina haki in tarar da shi kwance a kan saiwa. Na tanadi wata sabuwar tafiya da bai taɓa gani ba, ta mai gadin kanal yana bin yara da sanda, ban kuma nuna wa kowa ita ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa aikin ruwan nan ya zama alheri ga talakawa, ya tsare ka da sharrin masu sharri. Allah ya sa in kana da abokin da ya yi nisa, a buɗe masa hanya ya dawo. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya in an sa ido,
Iro, na biyu a tseren guntsi.