Shafin da Na Lanƙwasa Miki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga babbar ya, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, ya kuma sassauta miki tarin nan da ya ƙi barinki. Mu nan lafiya lau. Auta ta haihu, an samu mace. Idon Baba dai sai a hankali, yanzu ko fuskata ba ya rarrabewa sai na yi magana.

Yaya, ki saurare ni da kyau. Kwana uku ina kiran wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direban da ya kai miki littafin nan wannan takarda, na haɗa shi da Allah ya danƙa miki hannu da hannu. Ina nufin sabon littafin tsirrai da malaman jami'a suka buga, wanda suka zauna da Baba wata biyu suna rubuta abin da ya sani na magani. Kin tuna na lanƙwasa miki shafi na arba'in da bakwai, na rubuta a gefe cewa ga maganin tarinki? Don girman Allah kada ki taɓa wannan ganye.

Shekaranjiya Baba yana zaune a zaure cikin ƙullin sassaƙensa, ya ce in karanta masa, ya ji yadda aka mai da shi ɗan boko. Muna ta dariya har muka zo shafin da na lanƙwasa miki, shafin tagwaye, ciyayin nan biyu masu kama ɗaya da yake hana mu tsinka muna yara. Ya tambaye ni launin jijiyar bayan ganyen da ke hoton, na ce ja. Sai ya ajiye ƙullin da ke hannunsa. Ya ce rubutun daidai ne, amma hoton na ɗan'uwan ne. Mai farar jijiya shi ke buɗe ƙirji, mai ja kuwa ko akuya ta ci ba ta kwana. Ya ce kama da wane ba ta wane.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Ranar da mai ɗaukar hoton ya zo, Baba na kwance da zazzaɓi. Ni na raka shi bayan gona, ni na nuna masa da yatsana. Rana ta yi zafi, na bar tukunya a wuta, ban tsaya juya ganyen ba. Ba banza kuke kirana Gaggawa ba. Jiya muka je ofishin malaman, babbansu ya riƙe kai, ya ce za su janye littafin daga shaguna, amma wanda ya riga ya shiga hannun mutane sai dai addu'a. Baba bai ambaci sunana ba. Ya gaya musu laifin idonsa ne, alhali ya san ko ƙofar gida bai fita ba ranar. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na san halinki, ba kya ajiye magani ya kwana, kuma ke kika ce irin ciyawar ta cika bayan gidanku. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. Idan kin tsinko, ki ƙone. Idan kin dafa, ki zubar inda kaji ba za su kai ba. Idan kuwa kin sha, ko kurɓi ɗaya ne, ki tafi asibiti yanzu da littafin a hannunki, kada ki jira maigidanki ya dawo.

Gwaggo tana gaishe ki, Auta da jaririyarta ma haka. Ki gaishe da maigidan da yara, su Ƙaramar Yaya. Baba bai ba da saƙo ba. Ya dai karɓi wayata ya sa a aljihun rigarsa, ya ce tunda ba ya gani, shi zai riƙa sauraro.

Ki kira, ko zagina za ki yi.

Ƙanwarki,
Gaggawa