Inna, Gatse Kika Yi Mini?

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa cikin ladabi daga 'yarki a Greensboro ta Amurka. Wata takwas ke nan da rasuwarki, ga shi ina da tambayar da ke kaɗai ce mai amsarta.

Jikarki Nafisa ce ta jawo. An ba su karatu a lakwal, makarantar bokonsu, rubutun wani limamin coci na ƙasar Ailan da ya mutu tun kafin kakanninmu. Tana fassara mini ina tuƙa tuwo. Wai malamin addini guda, Inna, yake ba talakawa shawarar su sayar wa masu hali jariransu a dafa. Na ajiye muciya. Washegari na hau bas daga unguwarmu Glenwood har lakwal ɗin, na wanke malamarsu tas da guntun Turancina.

Baiwar Allah ta bari na gama, sannan ta ce ai mutumin nan talakawan yake karewa. Gajiya ya yi da roƙon masu mulki, ya juya maganar don kunya ta kama su. Wato gatse. Ni da na tashi a hannunki, a ce ban gane gatse ba! Ke ce fa idan na fasa ƙwarya kike cewa in ɗauko sauran ma in fasa. Ko sau ɗaya ban ɗauko ba.

A bas ɗin dawowa ne abin ya faɗo mini a rai. Na tuna wayarmu ta ƙarshe, kina kwance asibiti a Damagaram, na ce zan nemi hutu in taho. Kika ce, "Yi zamanki, aikinki ya fi." Na yi zamana. Kwana tara aka kira ni, aka ce kin cika.

Tun ranar kaina a ɗaure yake. Yaya Habu ya ce tausayina kika ji. Na tambayi Anti Rabi, ita da ta yi jinyarki, ta kau da maganar, kuma wannan ya fi damuna. Da ina gabanki da na gane, don idan kina gatse girarki ta hagu ɗagawa take yi. A waya ba a ganin gira. Ko kuwa na gane sarai, na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi? Wallahi ban sani ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Idan har zuciyarki kika faɗa, na gode. Idan kuwa kirana kike yi, Inna, ki yafe mini, ban zo ba.

'Yarki,
Hadiza