Ranar da Na Juya Na Kalli Kumbo

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kawo maka wannan takarda, amma bakina ya kasa faɗa wa masu rai, shi ya sa na zo gare ka.

Gida lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Sani ya riƙe shagon waldarka, sai dai Inna ta ce har yanzu ɗinkin ƙarfensa kamar tafiyar kaza yake. Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, muna kiransa Khalifa.

Baba, na ga kumbo da idona. Wanda kake musu da rediyo a kansa, kana cewa ƙarya Turawa suke, ba ƙarfen da zai je sama ya dawo. Wani tsoho ne da ya gama aiki, aka kawo shi nan Doha don baƙin gasar ƙwallo ta duniya su kalla. Ranar Juma'a da safe aka ɗauko shi daga filin jirgi a bayan wata doguwar mota, tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. Mu masu gadi aka jera mu a bakin titi wajen unguwar Bin Mahmud.

Ka san dokar aikinmu? Mai gadi jama'a yake fuskanta, abin da ake kallo kuma ya ba shi baya. Haka na tsaya, ina kallonsa a fuskokin mutane. Wani ɗan Indiya ya ɗora 'yarsa a wuya. Masu aski sun fito da almakashi a hannu. Da na ji ƙarar motar daidai ƙeyata, sai kawai na juya.

Ashe ƙarami ne, bai kai ɗakin Inna ba. Gindinsa baƙi ƙirin kamar na tukunyar tuwo, tagarsa kuwa faifai ya fi ta. Na duba mahaɗin ƙarfen saboda kai. Wallahi da ka yi shiru. Mutane na biye da shi a ƙafa, wani na gyara masa igiya, wani na kare shi daga reshen bishiya.

Ogammu ya gan ni. Ka san abin da ya yi? Ya ce yalla, wato koma bakin aikinka, ya wuce. Shi ke nan.

Tun daga wannan rana abinci ba ya mini daɗi. Ranar da aka kai ka, lokacin korona, ba jirgi, ina gadi a ƙofar filin jirgi da takunkumi a fuska. Sani ya kira ni ta bidiyo don in ga sallarka. Wayar tana ta motsi a aljihuna, ni kuwa na ƙame, don an hana taɓa waya a bakin aiki. Na ce wa Inna doka ce, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ni ma na yarda da hakan, har ina ganin haƙuri na yi irin wanda ka koya mini. To ga shi na karya doka saboda ƙarfe. Haƙuri ne na yi ran nan, Baba, ko tsoro? Me zai same ni in na koma gefe na ɗaga?

An daɗe da buɗe hanya, kullum ina cewa sai an gama ƙwallo. Gaskiyar ita ce kunyar zuwa wurinka nake ji. Jiya dai na nemi hutu wurin kafil, ubangidan da ya kawo ni, ya sa hannu.

Sani ya ce damina ta baje kaburburan, shi kansa layin kawai yake ganewa. Zan bi layin daga farko har ƙarshe. In ka ji sallamata ta faɗa kan maƙwabcinka, taka ce, ka karɓa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe mana baki ɗaya.

Ɗanka da bai raka ka ba,
Habu