Rabon Beyar a Bakin Fadama

Talata, 12 ga Satumba
Da asuba hazo ya taso daga teku ya kwanta a kan gona. A ciki na hango shi, baƙin beyar ɗin nan, ƙaton naman daji mai gashi da farata, zaune dirshan kamar dattijo, yana jawo karan masara zuwa ƙirjinsa yana ɓarewa. Ba ya gaggawar komai. Da ya tashi, kitse sai rawa yake a jikinsa. Shayina ya huce a hannu ban sani ba.

Asabar, 23 ga Satumba
An girbe masara. Tun mijina Odell yana raye muke barin layukan bakin fadama a tsaye, rabon beyar ke nan. In ya ƙoshi a can ba ya nufo gida. Sabon direban injin girbi bai sani ba, ya aske gonar tas. Har da murnarsa: "Inna, ko kara ɗaya ban bari ba!"

Lahadi, 8 ga Oktoba
Beyar ɗin ya shigo tsakar gida. Ya kifar da amyar zuma, ya bar sawu a bakin ƙofa, ya fi faranti faɗi.

Laraba, 25 ga Oktoba
'Yata Earlene ta zo daga birni, ta ga sawun. "Mama, ke ko tsoro ba kya ji? Ko ki bar maƙwabcinki Thurman ya shigo da karnukansa ranar buɗe farauta, ko ki tattara ki biyo ni. Ba zan zo wata rana in tarar da takalminki kaɗai ba." Na ce mai cin gyaɗa da waken soya me zai yi da tsohon ƙashi? Ko murmushi ba ta yi ba. A gidan nan na haife ta. Ina son gidan nan, Allah ya sani.

Alhamis, 2 ga Nuwamba
Na yi gyangyaɗi a kujera. Wai gonar ta koma fadama kamar da, ruwa baƙi, shiru, shi kuma yana iyo a hankali inda ɗakin girkina yake.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Maƙwabcina Thurman ya tsaya a ƙofar gona, karnuka na kuka a bayan motarsa. "Inna Verlie, saurayin nan naki fa ya kai nauyin ƙarti huɗu. Ki ce to kawai, gobe in kawo miki cinya." Na ce ya gaida gida.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Tun shekaranjiya haushin karnukan farauta ke tashi a gonakin maƙwabta. Tawa a kulle take, kuma haka za ta zauna. Da safen nan na ga wani abu baƙi yana ratsa kwata zuwa cikin kurmi, ko shi ne, ko hazo.

Na sauke hotunan bango, don in goge su ne kawai. Earlene ta ce tagar ɗakin da ta gyara min a gidanta na birni gabas take kallo. Ba ni na tambaya ba.

To, ni na tambaya.